LAFIYA UWAR JIKI: Masu Shara na Cikin Ƙwaƙwalwa

Cikin wasiƙun da suka iso mana a watan jiya akwai ta wata 'yar'uwa, uwar 'ya'ya huɗu, wadda ta roƙe mu kada mu buga sunanta. Ta ce mahaifinta kafinta ne. Shekara 20 ke nan da ya faɗo daga saman gini yana buga kwanon rufi, ya suma har kwana biyu, sa'an nan ya farfaɗo ya koma aikinsa. Yanzu yana da shekara 68. Bara ya soma manta inda ya ajiye zartonsa. Bana kuwa ya kan ci tuwo ya wanke hannu, jim kaɗan ya tambaya yaushe za a kawo abinci. Ran nan ya kira ta da sunan uwarta, wadda ta daɗe da rasuwa. Waɗansu dangi sun ce sammu aka yi masa.

Tambayarta biyu ce. Shin faɗuwar nan ce ta dawo masa? Ɗanta na fari kuma, wanda ya faɗi da babur bara babu hular kwano a kansa, shi ma haka zai zama?

'Yar'uwa, ba a auna marar lafiya ta wasiƙa, sai a gaban likita. Amma akwai abin da masana suka gano wanda ya shafi tambayarki, za mu kuwa bayyana shi dalla-dalla, gama gidaje da yawa suna ɗauke da irin wannan nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ke fama da gigin tsufa, fiye da kashi 60 cikin 100 kuwa a ƙasashe marasa ƙarfin arziki su ke.

ABIN DA LIKITA ALZHEIMER YA GANI

A shekarar 1901 aka kawo wata mace mai suna Auguste Deter asibitin masu taɓin hankali na birnin Firankfut a Jamus. Shekarunta 51 kawai, amma ta rikice, ba ta iya riƙe abin da aka faɗa mata, ko sunanta ba ta iya rubutawa ta kai ƙarshe. Likitan da ya duba ta shi ne Alois Alzheimer. Da ta rasu a 1906 ya binciki ƙwaƙwalwarta da madubin likita, ya ga abu biyu: waɗansu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da waɗansu zaruruwa da suka cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin kansu. Daga sunansa aka sami sunan ciwon Alzaima, wanda shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na dukan gigin tsufa.

Abin da ke cikin dunƙulen nan ana ce da shi amiloyid. Ma'anar kalmar, abu mai kama da sitaci, domin masanan dā sun zaci sitaci ne. Ashe furotin ne, watau dangin abin da ke gina tsoka. Sai a 1984 waɗansu masana biyu a Amurka, George Glenner da Caine Wong, suka ware shi suka san ainihin ƙirarsa.

INA DAUƊAR KE FITOWA?

Abin mamaki, kowa yana yin amiloyid, yaro da babba, mai lafiya da marar lafiya. A jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa akwai wani dogon furotin. Kullum ana yanka shi, ɗan guntun da ya faɗo kuwa shi ne amiloyid, kamar yadda garin katako ke zuba a shagon kafinta. Shagon da babu garin katako, ba a aiki a cikinsa ke nan. Sai dai wannan gari yana da danƙo. In ya daɗe a wuri ɗaya ya kan manne da ɗan'uwansa, ya zama ƙulli, ya dame saƙon da ƙwayoyin ke aika wa juna.

Saboda haka a koyaushe ana shara. A 2006 masana a birnin Sen Luwis na Amurka suka auna wannan a jikin mutane masu lafiya, suka tarar a kowace awa ana yin sabon amiloyid kimanin kashi 8 cikin 100 na wanda ke nan, ana kuma kwashe kimanin kashi 8. A 2010 suka gwada masu ciwon Alzaima 12 da tsofaffi masu lafiya 12. Yawan amiloyid da su ke yi ɗaya ne, amma sharar masu ciwon ta ragu da wajen kashi 30 cikin 100. Watau kafinta bai ƙara yanka katako ba, mai shara ne ya gaji. Uwargida ta san haka: tsakar gida ba ta cika da shara a rana ɗaya, amma in kullum ana barin lungu guda, kafin damina ta wuce ya zama juji.

SU WANE NE MASU SHARAR?

Masu sharar nan ana kiransu enzayim. Kada sunan ya ba mu tsoro, gama kowace mai dama kunun zaƙi ta daɗe tana aiki da su. In kunu ya yi kauri, aka zuba masa niƙaƙƙen dankali ko tsiron hatsi, aka bar shi ya kwana, da safe sai a tarar ya tsinke ya yi zaƙi. Enzayim ɗin da ke cikin dankalin ne ya bi sitaci ya yayyanka shi gutsi-gutsi. Kowane enzayim da irin abin da ya ke yankawa. Ga waɗanda ke yanka amiloyid.

Na fari, babbansu, sunansa nefirilisin. A ƙoda aka fara gano shi a 1974, ba wanda ya danganta shi da mantuwa. A 2000 da 2001 wani masani a Jafan, Takaomi Saido, da abokan aikinsa suka nuna cewa shi ne kan gaba wajen narkar da amiloyid. Ɓerayen da aka haifa babu nefirilisin, amiloyid ɗin ƙwaƙwalwarsu ya kusa ninka na sauran. An kuma ga cewa ya kan ragu da tsufa, musamman a sashen ƙwaƙwalwa mai ajiye sabon labari. Wannan sashe ne ciwon Alzaima ya kan fara taɓawa, shi ya sa tsoho zai ba ka labarin ranar aurensa ba kuskure, amma ya manta ya ci abincin rana.

Na biyu shi ne mai narkar da insulin, watau sinadarin nan da ke daidaita sukari a jini. Aiki biyu ya ke yi da tsintsiya ɗaya: yana share insulin da ya gama aiki, yana share amiloyid. A 2003 masana a Boston suka ga ɓerayen da ba su da shi sun tara amiloyid, sun kuma nuna alamun ciwon sukari. An daɗe da sanin cewa masu ciwon sukari na manya sun fi saurin kamuwa da gigin tsufa. Masana da dama suna zaton ɗaya daga cikin dalilan shi ne insulin ya kan yi yawa a jininsu, mai shara ya shagala da shi ya bar amiloyid.

Akwai waɗansu ƙanana da ke taya su. Ban da haka, ƙwaƙwalwa tana tura amiloyid cikin jini, hanta da ƙoda su ƙarasa shi, tana kuma wanke kanta da ruwan da ke kewaye da ita. A 2013 wata masaniya, Maiken Nedergaard, da mutanenta suka ga wankin nan ya ninka sauri a ɓeraye sa'ad da su ke barci.

IN AN BUGU A KAI

To, yanzu mun iso ga tambayar 'yar'uwarmu. Ƙwaƙwalwa abu ne mai taushi, kamar awara cikin ƙwarya. Kowace ƙwaya tana da dogon zare siriri wanda ta ke aika saƙo da kaya ta cikinsa, dogon furotin ɗin nan ma ta nan ya ke bi. In kai ya bugu da ƙarfi, ƙwaƙwalwa ta kan girgiza, zaruruwan su miƙe, waɗansu su tsinke. Abin da ke faruwa a hanya in gada ta karye shi ke faruwa a nan: motocin kaya suna ta zuwa, ba wucewa. Furotin ya taru a bakin karayar tare da masu yanka shi, amiloyid ya yi ta zuba fiye da ƙarfin masu shara.

A 1994 likitoci a Birtaniya suka binciki ƙwaƙwalen mutum 152 da suka mutu bayan mummunan rauni a kai. Kashi 30 cikin 100 suna da dunƙulen amiloyid, har da matasa, har da waɗanda ba su daɗe da raunin ba suka cika. Abin da tsufa ke tarawa cikin shekaru, bugu ɗaya ya tara shi cikin kwanaki.

Amma me ya sa kashi 70 ba su tara ba? A 2009 masana na jami'ar Fensilbeniya, tare da na Gilasgo, suka fitar da sakamako biyu. Na ɗaya, sun duba mutanen da suka rayu wata da watanni bayan rauni, har zuwa shekara 3. Amiloyid yana nan cikin zaruruwan da suka lalace, amma dunƙule kusan babu, nefirilisin kuwa ya taru a wuraren. Suka ce da alama jiki ya kan ƙaro masu shara bayan rauni, su kwashe abin da ya zube. Na biyu, sun duba mutum 81 da suka mutu bayan rauni a kai, suka tarar akwai wani ɗan bambanci da ake gado a ƙwayar halittar nefirilisin, masu wani iri sun fi tara dunƙule. Watau tun daga haihuwa tsintsiyar wani ta fi ta wani.

Duk da haka labarin bai ƙare nan ba. A 2012 masanan nan suka duba mutum 39 da suka rayu shekara 1 zuwa 47 bayan rauni guda, suka ga dunƙule da cukurkuɗaɗɗun zaruruwa sun fi yawa a wurinsu bisa tsaransu. A 2018 kuma aka bi bayanan mutum miliyan 2.8 a ƙasar Denmak. Waɗanda suka taɓa samun rauni a kai, haɗarin gigin tsufa ya ƙaru musu da kashi 24 cikin 100. Mai mummunan rauni guda, kashi 35. Wanda ya bugu sau biyar ko fiye, haɗarinsa ya kusa ninkawa uku.

Mu lura da kyau da abin da lissafin nan ke faɗi. Ƙaruwar kashi 24 tana nufin in cikin tsofaffi 100 ana sa ran 10 za su kamu, cikin 100 masu tsohon rauni sai a sami 12 ko 13. Mafi yawansu za su tsufa da hankalinsu. Maimaita bugu shi ne babban abin tsoro. Tun 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya rubuta a kan tsofaffin 'yan damben Turawa masu tangaɗi da rikicewa kamar sun sha giya. A 2005 Likita Bennet Omalu, haifaffen Nijeriya mai aiki a Amurka, ya nuna irin wannan lalacewa a ƙwaƙwalwar wani tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka. A irin ciwonsu zaruruwan nan da ke cukurkuɗewa sun fi amiloyid yawa, amma tushen ɗaya ne, kai ya sha bugu. Iyayen samari masu sha'awar dambe, sai ku riƙe wannan.

INA MAGANAR MAGANI TA TSAYA?

Mai karatu zai ce, to, a ƙara wa mutum nefirilisin mana. A ɓeraye an yi haka a 2003, dunƙulen kuwa suka ragu ƙwarai. A mutum abin da wuya. Tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai shinge wanda ba ya barin manyan abubuwa su wuce. A 2014 aka yi wa dabbobi allurar nefirilisin a jini, amiloyid na jini ya faɗi, na ƙwaƙwalwa ko gezau. Har wa yau nefirilisin yana yanka waɗansu sinadarai masu daidaita bugun jini da jin zafi, saboda haka ba a taɓa shi da garaje.

Akwai ma maganin ciwon zuciya mai suna Entresto, wanda aka amince da shi a 2015, ɗaya daga cikin ayyukansa kuwa shi ne danne nefirilisin. Likitoci suka ji tsoron kada ya jawo mantuwa. Aka gwada shi a wani bincike na marasa lafiya wajen 600 har shekara 3, a 2022 aka ba da sakamako cewa ba a ga ya rage musu tunani ko ya ƙara musu amiloyid ba. Wanda likita ya rubuta masa shi, kada ya daina saboda ya karanta wannan shafi.

Magungunan kwashe amiloyid da Amurka ta amince da su, lekanemab a 2023 da donanemab a 2024, ba enzayim ba ne. Su kan manne wa amiloyid ne don sojojin jiki su cinye shi. Lekanemab ya rage saurin lalacewa da kashi 27 cikin 100 a wata 18, ga waɗanda ciwon bai yi nisa ba. Bai warkar da kowa ba, ya kan jawo wa waɗansu kumburi ko ɗigar jini a ƙwaƙwalwa, kuɗinsa kuwa da ya fito dala 26,500 ne a shekara. Saboda haka duk wanda ya zo muku da kwalba a kasuwa ko a mota ya ce tana wanke ƙwaƙwalwa, ku riƙe kuɗinku.

ABIN DA KE HANNUNMU

A nan gida ma an yi bincike mai amfani. Daga 1992 Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan da Likita Hugh Hendrie na Amurka suka soma gwada tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fata na birnin Indiyanafolis. A 2001 aka ga cewa a kowace shekara, cikin tsofaffi 100, kimanin 1 ke kamuwa a Ibadan, fiye da 3 a can. Masanan sun lura hawan jini da ciwon sukari da kitsen jini sun fi yawa a wurin na Amurka. Ke nan yadda mutum ya zauna yana da hannu a ciki. A 2024 wani kwamitin masana ya lissafta abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda ke da alhakin wajen kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa. Rauni a kai yana cikinsu. Ga shawararmu:

1. Hular kwano. Da aka tilasta sa ta a Nijeriya a Janairun 2009, an ga waɗansu 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka, jama'a suka yi ta dariya. Amma binciken da aka tattara a 2008 ya nuna hula ta gaskiya tana rage raunin kai da kashi 69 cikin 100, mutuwa da kashi 42. A sa ta, a ɗaure igiyarta, mai tuƙi da wanda aka goya.

2. Wanda ya bugu a kai ya suma ko da na minti ɗaya, ko ya yi ta amai, ko ciwon kai ya yi ta ƙaruwa, ko barci ya danne shi, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, a kai shi asibiti nan take. Kada yaro ya koma wasan ƙwallo ko kokawa sai likita ya yarda, gama bugu na biyu a kan na fari ya fi muni.

3. A kiyaye tsofaffi daga faɗuwa. A gyara santsin makewayi, a bar fitila kusa da gado, a kai su gwajin ido.

4. A riƙa auna hawan jini da sukari, a sha magani yadda aka ce. A rabu da taba da giya.

5. A yi isasshen barci, a motsa jiki, a zauna cikin mutane. A 2005 masana a Shikago suka ga ɓerayen da aka ba wurin guje-guje da kayan wasa sun fi ƙarfin nefirilisin, dunƙulensu kuma ya fi kaɗan. Ɓera ba mutum ba ne, amma tafiya gona da hira da jikoki ba su taɓa cutar da tsoho ba.

AMSA GA 'YAR'UWARMU

Game da Baba, mai yiwuwa ne faɗuwar nan ta sa hannu, ta haɗu da shekaru da abin da ya gada. Ku kai shi asibiti ba da jinkiri ba, ku gaya wa likita labarin faɗuwar, ku kuma tuna ko ya sake buguwa cikin 'yan watannin nan. Wani lokaci jini kan taru a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kan tsoho bayan ɗan ƙaramin bugu, ya rikita shi, in aka yi aiki aka cire kuwa ya dawo hayyacinsa. Ciwon maƙoƙo, da ƙarancin bitamin B12, da baƙin ciki mai tsanani, da waɗansu magunguna, duk su kan yi kama da gigin tsufa, suna kuwa da magani.

In ya tabbata gigin tsufa ne, ku zauna da dangi ku bayyana musu cewa ciwo ne na jiki, kamar yadda ido ke yin yana. Neman wanda ya yi sammu ba zai haifi kome ba sai gaba tsakanin 'yan'uwa. Mun kuma san tsofaffin mata da aka yi wa ƙazafin maita don an tsince su suna yawo da dare suna sambatu, alhali hanyar gida ce ta ɓace musu. Wannan abin kunya ne a cikinmu. Umarnin girmama uwa da uba da muka koya tun muna yara bai ƙare a ranar da suka manta sunanmu ba.

In Baba ya kira ki da sunan Inna, ki amsa. In ya ce bai ci ba, kada ki yi gardama, ki ce, "Baba, ga ɗan kunu kafin a gama." Ki sa takarda mai kwatancen gida a aljihunsa. Ki ɗauke masa zarto da kurfi, ki bar masa guntun katako da sanfefa, gama hannu ya kan tuna abin da kai ya manta. Waƙoƙin sujada na ƙuruciyarsa ma sau da yawa suna nan, ki tayar masa da ɗaya ki ji. Ku raba jinyar da 'yan'uwanki, kada ki ɗauka ke kaɗai har ki kwanta.

Game da ɗanki kuwa, ki kwantar da hankalinki. Saurayi ne, masu sharar kansa suna da ƙarfinsu, faɗuwa ɗaya ba ta yanke masa hukunci ba. Abin da za a tsare shi ne ta biyu da ta uku. Ki saya masa hula tun kafin ƙarshen wata, ki zaunar da shi kusa da kakansa ki karanta masa wannan shafi. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba Baba sauƙi, ya ba ku haƙurin jinya. A wata mai zuwa za mu yi magana a kan hawan jini da gishirin miya. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku. Sai mun sadu.